Tsohuwar Tagar da Ta Share Rumbun Travis CI

Ranar Talata 13 ga Maris 2018, da ƙarfe 12:04 agogon UTC, wato ɗaya da minti huɗu na rana a Kano ko Yamai, wani umarni ya isa babban rumbun bayanan travis-ci.com yana neman a kwashe duk abin da ke cikin teburansa, wato jadawalan da ake jera bayanai a ciki. Bai samu wucewa nan take ba. Ya tsaya a layi kusan minti goma, da ƙarfe 12:14 hanya ta buɗe masa, ya wuce. Kafin a ankara tebura sun zama fayau. Shafin ya yi kimanin awa biyar da rabi ba ya aiki.

Ba ɗan kutse ne ya shigo ba, kuma ba wata na'ura ce ta ƙone ba. Ma'aikacin gidan ne, a kan kwamfutarsa, ya kunna gwaje-gwajen da ya saba kunnawa kullum. Abin da ya bambanta wannan rana da sauran ranaku layi ɗaya ne tak na saiti, wanda ba ya ma bayyana a fuskar allo.

Travis CI kamfani ne da a lokacin yake da hedikwata a Berlin ta Jamus. Sana'arsa kuwa ita ce gwada manhajojin mutane: duk lokacin da mai rubuta manhaja ya tura sabon aiki zuwa GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye rubutun ayyukansu, Travis ya ɗauko, ya kunna gwaje-gwaje a kai, ya faɗa masa ko ya ɓata wani abu. A wancan lokacin suna da gida biyu. Akwai travis-ci.org na manhajojin da aka buɗe wa kowa, akwai kuma travis-ci.com na masu biyan kuɗi, waɗanda ayyukansu na sirri ne. Na biyun ne abin ya faɗa wa. Wato mutanen da suka fi kowa sanin gwaji, gwaji ne ya kayar da su, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa duk mai wannan sana'a ya nutsu ya karanta bayanin da suka wallafa daga baya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Duk manhajar intanet da ke ajiye bayanai tana buƙatar sanin abu huɗu ko biyar kafin ta yi magana da rumbunta: wace saba ce, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kai, ta wace ƙofa ake shiga, da wane suna, da wace kalmar sirri, kuma wane rumbu a cikin rumbunan da ke wurin. Akan haɗa su duka a layi ɗaya, ni ina ce masa layin haɗi. Na PostgreSQL, nau'in rumbun bayanan da Travis ke amfani da shi a lokacin, ga kamanninsa:

postgres://suna:kalmarsirri@adireshin-saba:5432/sunan_rumbu

Kwatancen gida ne da mukulli a ɗaure wuri guda. Wanda ya riƙe shi ya san inda gidan yake, kuma yana iya shiga. Manhaja ba ta da wata hanyar gane ko rumbun da ta shiga na wasa ne ko na gaske, inda layin ya nuna mata nan take zuwa.

Tambayar da ta daɗe tana damun masu aikin ita ce ina za a ajiye wannan layi. A da a cikin fayil ake rubuta shi, tare da sauran rubutun manhajar. Kowane tsarin gina shafin intanet da nasa fayil: masu WordPress sun san wp-config.php, masu ASP.NET na dauri sun san web.config, masu Rails sun san database.yml. Matsalar wannan a fili take: fayil yakan bi sauran aiki ya hau GitHub, kalmar sirri ta fita duniya. Sai aka kawo wata dabara, wadda kamfanin Heroku ya yaɗa, kuma Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya rubuta ta a 2011 cikin ƙa'idoji goma sha biyu na gina manhajar intanet. Ƙa'ida ta uku ta ce a fitar da saiti daga cikin rubutun manhaja, a ajiye shi a muhallin da manhajar ke gudana a ciki. Sai ya zama rubutu ɗaya ne ke aiki a ko'ina, abin da ke canzawa kawai shi ne abin da muhallin ya raɗa mata. Sunan da aka saba ba layin haɗi a wannan tsari shi ne DATABASE_URL.

Dabara ce mai kyau, ni ma da ita nake aiki. Amma ta zo da nata aibin, kuma shi ne ya ci Travis. Fayil kana iya buɗe shi ka gani da idonka. Saitin muhalli kuwa a jikin tagar umarni yake zaune, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a ciki, shiru, ba alama. Ka rubuta export DATABASE_URL=... sau ɗaya, shi ke nan, duk umarnin da ka bayar a wannan tagar zai gaje shi har ranar da ka rufe ta. Taga biyu na iya zama gefe da gefe a allo, launinsu ɗaya, rubutunsu ɗaya, ɗaya tana kallon rumbun gwaji da ke cikin kwamfutarka, ɗayar tana kallon dukiyar dubban mutane. Sannan a yawancin tsare-tsare, idan fayil ya faɗi wani abu muhalli ya faɗi wani, maganar muhalli ake ɗauka. Haka yake a Rails, inda DATABASE_URL ke danne abin da aka rubuta a database.yml. Haka yake a ASP.NET Core, inda saitin muhalli ke hawa kan appsettings.json. Da gangan aka yi hakan, don saba ta iya ba manhaja adireshinta ba tare da an taɓa rubutu ba. Ma'anarsa dai ita ce kana iya duba fayil ɗinka sau goma ka ga yana nuna rumbun gwaji, alhali manhajar wani wuri dabam za ta.

Ga yadda abin ya kasance a Travis. Kwanaki da dama kafin wannan Talata, wani injiniyansu ya buƙaci leƙa bayanan da ke rumbun gaske, abin da kowane injiniya kan yi idan yana bin sawun wata matsala. Ya sa DATABASE_URL ya nuna can, ya duba abin da zai duba, ya tafi wasu ayyukan. Tagar kuwa tana cikin tmux. Ga wanda bai san shi ba, tmux wata ƙaramar manhaja ce da ke riƙe tagogin umarni a raye ko da ka kau da kai daga gare su, ka dawo bayan kwana da kwanaki ka tarar da komai yadda ka bar shi. Amfaninsa ke nan, shi ya sa ake sonsa. Ranar Talata ya dawo kan wannan tagar, ya ga taga kamar kowace taga, ya kunna gwaje-gwaje.

Gwajin manhaja yana son ya fara a kan rumbu mai tsabta, don kada ragowar gwajin baya ya ɓata sakamakon na gaba. A duniyar Ruby, harshen da aka rubuta manhajojin Travis da shi, akwai wani sanannen kayan aiki mai suna Database Cleaner wanda aikinsa ke nan: share fage. Ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce ya bi tebura duka ya ba su umarnin TRUNCATE, wanda ke zubar da abin da ke cikin tebur gaba ɗaya ya bar ƙwaryar. Database Cleaner bai yi kuskure ba. An ce masa ga rumbu, ya share rumbun. Layin haɗin kuma bai hana shi ba, domin sunan da ke cikinsa yana da cikakken iko, na karatu da na rubutu da na sharewa.

Minti goman nan da umarnin ya yi a layi suna tsaya mini a rai. A PostgreSQL, TRUNCATE ba ya aiki sai ya kama tebur shi kaɗai, ba mai karatu ba mai rubutu, don haka a rumbun da ke cike da zirga-zirga sai ya jira waɗanda suka riga shi su saki. Minti goma cif ɓarna tana tsaye a bakin ƙofa. Da akwai abin da zai yi ƙara idan an ga irin wannan umarni yana jira a rumbun gaske, da umarni ɗaya ya isa a kashe shi. Shi kansa mai gwajin, abin da mutum kan gani a irin wannan hali bai wuce gwaji ya ɗan maƙale ba, abin da ke faruwa kullum ba ya ta da hankalin kowa. Ko gano daga ina umarnin ya fito sai da suka bi bayanan shige da fice na manhajarsu, suka haɗa da adireshin IP da kamfanin da ke riƙe musu rumbun ya ba su.

Share rumbun shi ne abin da ya fi jan ido, amma a ganina ba shi ne mafi muni ba. Suna da kwafin ajiya, kuma sun maido da rumbun a ranar. Abin da ya biyo baya ne ya fi zafi.

Bayan tebura sun zama wayam, manhajar ba ta faɗi ba. Ta ci gaba da amsa mutane na kusan rabin awa, tana jone da rumbun da kusan babu komai a ciki. A wurinta babu wata matsala: layin haɗi daidai yake, rumbu yana amsawa, tebura suna nan. Duk wanda ya shiga shafin a wannan tsakani, manhajar ta duba ba ta ga sunansa ba, sai ta ɗauke shi baƙo, ta buɗe masa sabon asusu, ta ba shi sabuwar lamba. Lambobin kuwa daga inda aka tsaya suka ci gaba, domin a PostgreSQL maƙirgin da ke raba lamba abu ne mai zaman kansa, TRUNCATE ba ya mayar da shi baya sai an ce masa ya yi. Tare da sabuwar lambar aka ba kowa tikitin shiga mai ɗauke da sa hannun kamfanin, burauzarsa ta ajiye.

Daga nan suka kashe komai, suka maido da rumbun yadda yake kafin ɓarnar. Asusun bogin nan na rabin awa duk suka ɓace, maƙirgin lamba ma ya koma inda yake a da. Amma tikitocin suna nan a kwamfutocin mutane, da sa hannu na gaskiya a kansu. Da sababbin mutane suka fara rajista, sai aka riƙa ba su waɗancan lambobin dai da aka riga aka raba.

Ka ɗauki mai cajin waya a bakin kasuwa. Ka ba shi wayarka, ya manna mata lamba, ya ba ka ɗan katin da ke ɗauke da lambar. A ce littafinsa ya ɓace na ɗan lokaci, ya raba kati 501 zuwa 520, sannan aka tsinto tsohon littafin da ya tsaya a 500, ya manta da waɗanda ya raba, ya sake bayar da 501 ga wani sabon mutum. Yanzu mutum biyu ke riƙe da kati ɗaya. Na farkon ya dawo ya miƙa katinsa, kati na gaske ne, sai a ɗauko masa wayar wani. Haka ya faru a Travis: mutanen da suka shiga a wancan rabin awa, da shafin ya dawo, sai suka tsinci kansu a cikin asusun wasu. A gidan da mutane ke biyan kuɗi don ayyukansu su zauna a asirce, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai washegari Laraba, 14 ga wata, aka soke tikitocin da abin ya shafa.

Kamfanin bai ambaci sunan injiniyan a bayaninsa ba, kuma daidai suka yi. Wanda duk ya yi shekaru a wannan aiki ya san ya taɓa barin irin wannan tagar a buɗe. Ni kaina na taɓa rubuta env, umarnin da ke nuna saitin muhalli, a wata taga da na manta da ita, sai ga layin haɗin rumbun wata ƙungiya da nake yi wa aiki yana kallona, da kalmar sirrinsa da komai, kwana uku bayan na gama abin da ya kai ni. Ban kunna gwaji a tagar ba, amma ba don na tuna ba ne, buƙatar hakan ce kawai ba ta taso ba. Sai da gabana ya faɗi. Mutane kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma idan tsarin aiki ya dogara ga mutum ya tuna abin da ya rubuta makon jiya a tagar da ba ta nuna komai, to mu muka shimfiɗa wa tsautsayin tabarma.

Gyaran da suka yi ya fi ƙarfin a ce wa ma'aikata su riƙa kula. Sun gyara gwaje-gwajensu su riƙa duba DATABASE_URL kafin su fara. Sun sa tagar umarnin ma'aikata ta riƙa nuna gargaɗi idan an saita shi, wato abin da yake ɓoye ya fito fili. Sun sauƙaƙa hanyar shiga kwafin rumbun da ke bin babban a baya, wanda karatu kawai ake yi a cikinsa, don mai son leƙa bayanai ya daina zuwa babban. Sun kuma aika gyara ga masu kula da Database Cleaner. Amma matakin da na fi ba nauyi shi ne janye ikon TRUNCATE daga rumbunansu. Sauran matakan duk suna ƙoƙarin hana mutum yin kuskure ne. Wannan kuwa ya yarda za a yi kuskuren, ya sa rumbun da kansa ya ƙi.

A nan zan ɗan tsaya, domin wurin da mafi yawanmu ke sakaci ke nan. Muna ɓata lokaci a kan inda za a ɓoye layin haɗi, a fayil ne ko a muhalli ko a wata ma'ajiyar sirri, ba ma tambayar me sunan da ke cikin layin yake da ikon yi. Sau nawa ka buɗe saitin wata manhaja ka tarar da root ko postgres, wato sarkin rumbun baki ɗaya, shi ne sunan da shafi ke shiga da shi don ya nuna wa mutane jerin kaya? Manhaja a aikinta na yau da kullum ba ta buƙatar fiye da karantawa da ƙarawa da gyarawa da goge layi. PostgreSQL ya ware TRUNCATE a matsayin iko na dabam, ana bayarwa ana janyewa. Sai dai janye shi kaɗai ba ya rufe ƙofa duka. Wanda ya mallaki tebur yana iya mayar wa kansa ikon, yana kuma iya rushe teburin ɗungurungum, kuma DELETE da ba a gindaya masa sharaɗi ba shi ma yana kwashe komai, illa dai ya fi jan lokaci. Shi ya sa nake raba suna uku a duk aikin da na samu iko a kai: wanda ya mallaki tebura, da ba a fito da shi sai ranar canza fasalin rumbu, wanda manhaja ke aiki da shi, da kuma na karatu zalla, wanda shi kaɗai ke sauka a kwamfutar ma'aikaci. Da na ukun ne ke cikin waccan tagar ta tmux, da gwajin ya tsaya da saƙon an hana, injiniyan ya yi tsaki ya gyara, ba wanda zai ji labari.

Ba Travis kaɗai ba ne. Ranar 5 ga Afrilu 2017, ƙasa da shekara ɗaya kafin nan, kamfanin DigitalOcean na Amurka ya rasa babban rumbunsa saboda wani gwaji mai tafiyar da kansa da aka saita da bayanan shiga na rumbun gaske. Shafin sarrafa sabobin kwastomomi ya tsaya na awa huɗu da minti 56, kuma abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka tsara ya riƙa bin babban rumbun da jinkiri, don haka ɓarnar ba ta kai gare shi ba tukuna. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Masu aiki da wasu harsunan ma kada su ɗauka maganar Ruby ce. A Laravel na harshen PHP, umarnin php artisan migrate:fresh yana rushe tebura duka na rumbun da saiti ya nuna. Akwai kuma wani rami da mutane da yawa suka faɗa: idan ka taɓa kunna config:cache, Laravel zai daina duba fayil ɗin saiti na .env da abin da ka rubuta a phpunit.xml na gwaji, ya riƙe tsohon saitin da ya haddace, sai gwajinka ya tafi rumbun da ba ka nufa ba. Django na harshen Python ya fi taka-tsantsan, domin yakan ƙirƙiri wani rumbu dabam mai test_ a farkon suna don gwaji, amma shi ma a kan sabar da layin haɗi ya nuna yake ƙirƙirarsa.

Wani ɗan abu da na canza a hannuna tun daga lokacin: na daina export ga layin haɗi na gaske. Idan dole ne, sai in rubuta DATABASE_URL=... a gaban umarnin da kansa, a layi ɗaya, yadda saitin zai mutu da zarar umarnin ya ƙare. Yana da gajiyarwa, kuma kalmar sirrin takan zauna a tarihin umarni idan ba a kula ba, amma aƙalla ba ta kwana a taga tana jiran umarni na gaba.

Gyaran da aka kai wa Database Cleaner ya shiga, kuma har yau yana nan. Idan ya ga DATABASE_URL yana nuna wata saba ta nesa, ba kwamfutar da kake kai ba, sai ya ƙi aiki. Haka ma idan ya ga muhallin ya ce nan wurin aikin gaske ne. Amma akwai masu gwaji a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da kowane aiki a keɓe cikin akwatinsa, inda rumbun gwajin kansa yake da suna irin db, wanda a idon wannan shinge saba ce ta nesa. Don irin su aka bar hanyar buɗe shingen: a saita DATABASE_CLEANER_ALLOW_REMOTE_DATABASE_URL ya zama true. Shi ma saitin muhalli ne. Shi ma ana iya yi masa export a wata taga a manta, ko a zuba shi a .bashrc, fayil ɗin da kowace sabuwar taga ke ɗaukar saiti daga ciki, don a huta da ƙorafinsa, kuma na sha ganin an yi hakan. Akwai hanya ta biyu da kayan aikin ya tanada, ta rubuta jerin adireshin da aka yarda a share a cikin saitin gwajin, duk wanda ba ya cikin jerin a ƙi shi. Ita nake sawa, in rubuta adireshin rumbun gwaji ɗaya tak a ciki.